Ruwan motar kwana-kwana ya ƙare cikin minti biyar: sakaci ne ko haka aikin yake?

Tambaya: Gobara ta tashi a wani bene kusa da inda nake aiki. Motar kwana-kwana ta zo da jiniya, aka ja mesa, amma ba a yi minti biyar ba ruwa ya ƙare, mutane suka yi ta zaginsu. Wannan sakaci ne? Kuma don Allah ina aka samo wannan aiki na hukumar kashe gobara ta birni, me ma'aikatanta suke yi a ranakun da ba a yi gobara ba?

Amsa: Malam, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya mayar da alheri ga waɗanda suka yi asara.

Zan fara da ruwan, tunda shi ya fi tsaya maka a rai, kuma a kansa aka fi zagin 'yan kwana-kwana duk inda suke. Motar da ake fara turawa wurin gobara a cikin gari yawanci tana ɗauke da ruwa tsakanin lita 1,500 zuwa 4,000. Mesa ɗaya, irin wadda mutum biyu ke riƙewa su shiga gini da ita, tana zubar da lita 400 zuwa 600 a minti guda. To ka yi lissafi: tanki mai lita 2,000 da mesa ɗaya a buɗe, minti huɗu ne, in an yi tattali biyar. In mesa biyu aka ja, ka raba biyu. Abin da ka gani da idonka shi ne iyakar abin da aka ƙera tankin ya yi.

Ruwan tanki na fara aiki ne kawai. Da shi ake danne wutar, ko a tsare hanyar da za a fito da wanda ya maƙale, a cikin 'yan mintunan da direba ke ɗauka kafin ya jona motar da famfon gobara na bakin titi. Da zarar an jona, motar ta koma injin tura ruwa: tana sha daga bututun gari, tana ƙara masa ƙarfi, tana aika shi ta mesa, kuma tana iya yini a haka. Za ka ce me ya hana a yi tankin babba? Nauyi ne. Kowace lita kilo ɗaya ce, lita 10,000 tan goma ke nan ban da motar kanta. Mota mai wannan nauyi ba ta gudu, ba ta tsayawa da wuri in an taka birki, ba ta shiga lungu. Akwai tankoki masu ɗaukar hakan, amma a baya suke zuwa, su yi ta jigila tsakanin wurin ɗiban ruwa da wurin gobara.

Abin da ya kamata a bincika shi ne me ya biyo bayan ƙarewar ruwan. In akwai famfon gobara a titin, yana da ruwa, amma ba a jona ba, wannan laifin ma'aikata ne. In famfon ya bushe, ko an binne shi da kwalta, ko an yi gini a kansa, laifin ya koma wuyan masu kula da ruwan gari, amma hukumar kashe gobara ma tana da kaso, domin zagayawa a buɗe famfunan nan a gwada su aikinta ne. In kuma unguwar ba ta da famfo ko ɗaya, ya kamata a san haka a ofis tun kafin ranar, a haɗa tanka da motar farko ba sai an kira ba. A duk ukun nan, matashin da ke riƙe da mesa shi ya fi kowa ƙarancin laifi, kuma shi ke shan jifa.

Shi kuwa tarihin aikin, kusan kowane sashe nasa sai da wani birni ya ƙone sannan aka ƙirƙiro shi.

Mutanen Rum ake fara ambata. Kafin a yi hukuma a can, wani attajiri mai suna Crassus ya mayar da gobara hanyar arziki: in gida ya kama, sai ya je ya taya shi da na maƙwabta a wulaƙance daga hannun masu su da hankalinsu ya tashi, bayinsa magina sama da 500 su sake ginawa. A shekara ta 6 Miladiyya sarki Augustus ya kafa runduna 7 ta 'yantattun bayi, kowace tana kula da shiyya biyu cikin shiyyoyi 14 na birnin. Kayan aikinsu bokiti ne da gatari da tsani da ƙugiyar rushe gini da ɗan famfon hannu, kuma babban aikinsu sintirin dare ne, suna leƙa inda aka bar wuta ba kula. Duk da haka gobarar shekara ta 64, zamanin Nero, ta shafi shiyyoyi 10 cikin 14 ɗin nan. Bokiti ba ya kashe wutar da ta riga ta ci gida uku, sai dai a rushe gidajen da ke gabanta ta rasa abin ci. Haka aka yi ta yi ƙarni bayan ƙarni, har a birnin Edo na Japan, Tokyo ta yau, inda ƙungiyoyin unguwanni da aka tsara wajen 1720 suka fi shahara da saurin rushe gida fiye da zuba ruwa.

Birnin da ya fi koyar da duniya darasi shi ne Landan. A daren 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke layin Pudding Lane. Gidajen na katako ne, manne da juna, an yi fari a shekarar, ga iska mai ƙarfi daga gabas. Aka tashi magajin gari, Thomas Bloodworth, aka nemi ya ba da izinin rushe gidajen da ke gaban wutar. Ya yi ta jan ƙafa, domin masu gidajen ba sa nan. Kafin a farga wutar ta cinye injin da ke ɗaga ruwa daga kogin Thames a gindin gadar Landan, bututu suka bushe. Kwana huɗu tana ci: gidaje kusan 13,200, coci 87, har da babbar majami'ar St Paul. Ba ta tsaya ba sai da iska ta lafa, aka kuma sa albarushi aka tarwatsa layukan gidaje a gabanta. Ka lura da abin da aka rasa a daren farko: mutum ɗaya mai ikon ba da umarni nan take. Shi ya sa a yau doka a ƙasashe da yawa ta ba kwamandan da ke wurin gobara ikon fasa ƙofa, rufe titi, ko shiga gidan maƙwabci, ko mai gida ya yarda ko bai yarda ba.

Bayan wannan aka yi dokar sake gina birnin da bulo da dutse, amma gwamnati ba ta kafa hukuma ba. Kamfanonin inshora ne suka cike gurbin tun daga wajen 1680. Kowane kamfani ya ɗauki mutanensa, yawanci matuƙa kwale-kwalen kogin Thames, ya kuma riƙa manna alamar ƙarfe a bangon gidan da ya biya shi. Za ka ji ana cewa in suka zo ba su ga alamarsu ba sai su tsaya suna kallo gidan ya ƙone. Ni ban cika gaskata wannan ba, kuma masu bin diddigin takardun lokacin ba su sami hujja mai ƙarfi a kai ba. Kamfanin da ke da gidaje biyar a layi ba zai bar na shida ya ci ba, ai wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ruwa yake shafa wa nasa. Matsalar da aka tabbatar ita ce rashin shugaba ɗaya, da kuma cewa dukiya suke karewa. Ceton rai wasu ƙungiyoyin sa kai ne daban suke yi da tsaninsu.

Ita kanta mesa daga Holan ta fito. A 1672 Jan van der Heyden da ɗan'uwansa a Amsterdam suka ɗinka ta da fata, da mahaɗin tagulla a kowane baki. Kafin nan famfo yana tsaye ne a titi yana fesa ruwa a bango da taga. Da mesa ne aka samu damar kai ruwa inda wutar take.

Wanda ya mayar da wannan dama sana'a shi ne James Braidwood. Yana ɗan shekara 24 birnin Edinburgh na Sukotlan ya naɗa shi shugaban hukumar da ya kafa a 1824, wadda ake lissafawa cikin na farko da birni ya mallaka da kansa. Bai ɗauki ƙarti don ƙarfinsu kawai ba. Magina ya nema, da kafintoci, da masu rufin ɗaki, da masu gyaran famfo, mutanen da in suka kalli gini suka san inda katakon da ke riƙe da shi yake da inda zai fara karyewa. Ya riƙa yi musu atisaye da sassafe, ya kuma kafe a kan abu ɗaya: a shiga ciki da rarrafe, ƙasa da hayaƙi, a nemo gindin wutar a zuba mata ruwa a nan. Har gobe a kan wannan ake horar da ma'aikata. A 1833 kamfanonin inshora 10 na Landan suka haɗe rundunoninsu suka kira shi ya shugabanta, da ma'aikata kusan 80 ga birni mafi girma a duniya a lokacin. A Yunin 1861 manyan ɗakunan ajiyar kaya na titin Tooley suka kama, cike da kitse da mai da auduga. Bango ya faɗo masa ya rasu a wurin, wutar kuma ta yi mako biyu kafin ta mutu gaba ɗaya. Asarar ta sa kamfanonin suka ce wa gwamnati sun gaji. Aka yi doka a 1865, ranar 1 ga Janairu 1866 hukumar ta koma hannun jama'a, kusan shekara 200 bayan babbar gobarar 1666.

Sauran birane kowa da hanyarsa. A Faris, bayan gobarar da ta tashi a wurin liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya a 1810, Napoleon ya mayar da aikin hannun soja a 1811, kuma har yau 'yan kwana-kwanan Faris sojoji ne. A Amurka ƙungiyoyin sa kai ne suka daɗe suna yi, har gasa ta kai su ga dambe a kan wa zai fara jona famfo alhali gida na ci. Cincinnati ce ta fara ɗaukar cikakkun ma'aikata masu albashi a 1853, tare da injin tururi, New York ta bi a 1865.

Gobara uku a Amurka sun shafi tambayarka kai tsaye. A Shikago a 1871, mai gadin da ke hango gobara daga kan hasumiya ya tura motoci wurin da ba nan ba ne, sannan wutar ta cinye tashar tura ruwa ta birnin. Gine-gine sama da 17,000 suka tafi, mutum kusan 100,000 suka rasa matsuguni. A Baltimore a 1904 agaji ya zo daga Washington da Philadelphia da New York, amma da yawa cikin bakin mesarsu bai shiga famfunan garin ba, domin kowane birni da girman mahaɗinsa. Ga ruwa, ga mota, ga mutane, gine-gine sama da 1,500 suka ƙone. Daga nan aka fara fafutukar daidaita ma'auni. A San Francisco a 1906 girgizar ƙasa ta fasa bututun ruwa, wuta ta ci kwana uku, bayan haka birnin ya gina wa kashe gobara hanyar ruwanta daban, da rijiyoyin ajiya a ƙarƙashin mahaɗar tituna.

Sai kuma 25 ga Maris 1911, a masana'antar ɗinki ta Triangle da ke New York. Wuta ta tashi a hawa na takwas, ta haura na tara da na goma. Motoci sun zo da wuri, ruwa bai yanke ba, an kashe wutar cikin kusan rabin awa. Amma tsaninsu a hawa na shida ya tsaya, kuma an kulle wata ƙofar fita. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. A ganina wannan rana ce ta sauya aikin fiye da kowace, domin ta nuna akwai ginin da in ya kama, duk ƙwarewar duniya ba za ta ceci na ciki ba. A shekarar aka buɗe sashen rigakafin gobara a hukumar birnin, aka ba ta ikon shiga gini tun lafiya lau ta ce a gyara ko a rufe.

Wannan ya kawo mu ga ranakun da ba a yi gobara ba, waɗanda su ne mafi yawa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 na kiran da ake yi wa hukumomin ba. Kusan kashi biyu cikin uku na rashin lafiya ne da haɗari, domin a can an haɗa musu da agajin gaggawa. Ragowar akwai yanke mota a fito da wanda ya maƙale, lif da ta tsaya, yoyon gas, ambaliya, rushewar gini, wanda ya faɗa rami. Tsakanin kira da kira kuma, da safe ana duba kowace mota: a tayar da famfo, a auna iskar da ke cikin tukwanen shaƙa, a shanya mesa don kada ta ruɓe. Ana atisaye. Ana zuwa asibitoci da makarantu da otal da masana'antu a ƙirga ƙofofin fita, a ga ko waje suke buɗewa, a duba ko an jibge kaya a matakala, a zana taswirar ginin a ajiye domin ranar da za a shige shi cikin duhu. Masu duba zanen gini suna ofis suna jayayya da masu kuɗi a kan matakala ta biyu da ba sa son ginawa. Bayan kowace gobara kuma akwai masu binciken musabbabi, waɗanda ke bin tabon ƙuna a bango har zuwa inda ta faro.

Abin da duk wannan shiri yake kokawa da shi lokaci ne. Wuta a ɗaki tana tara hayaƙi mai zafi a ƙarƙashin rufi, yana kauri yana saukowa. In zafinsa ya kai wajen digiri 600, duk abin da ke ɗakin yana kamawa a lokaci guda, har wanda harshen wuta bai taɓa ba. A wani gwaji da aka yi a Amurka, ɗakin da aka cika da kayan da, na katako da auduga, ya kusa rabin awa kafin ya kai wannan hali, mai kujerun soso da roba irin na yanzu kuwa bai cika minti huɗu ba. Shi ya sa ma'aunin da manyan hukumomin can suke bi ya ce a fita daga tasha cikin daƙiƙa 80, motar farko ta isa cikin minti huɗu na tafiya. Shi ya sa kuma yawan tashoshi ya fi girman mota muhimmanci. Kira ma yana cin lokaci: Landan ta ƙirƙiro lambar 999 a 1937, bayan wata gobara a 1935 da mata biyar suka mutu yayin da mai kira ke jiran layi.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa a mintunan nan da mutane ke ihu wai sun tsaya ba sa komai. Kwamanda yana sauka ya zagaya ginin da ƙafa. Yana kallon hayaƙi: fari mai tashi a hankali daban, baƙi mai kauri da ke tunkuɗowa ta ƙasan ƙofa da ƙarfi daban. Yana tambaya mutum nawa ne a ciki, a wane ɗaki, akwai tukunyar gas, an kashe lantarki? Mutum biyu suna durƙushe a bakin ƙofa da kayan da suka haura kilo 20, ɗaya ya taɓa ƙofar da bayan hannu ya ji zafinta. Ba za su bankaɗe ta ba, domin wutar da ta cinye iskar ɗaki tana kwance ne tana jira, in aka ba ta iska a lokaci guda sai ta yi tsalle. Sukan ɗan buɗe, su fesa ruwa sama, su rufe, su sake. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, to in aka zuba fiye da kima tururin zai dafa na ciki, har da wanda aka zo ceto. A ciki ba a ganin tafin hannu. Hannu ɗaya na bin bango, ɗaya na lalube a ƙasa da ƙarƙashin gado, inda yara suke ɓuya. Tukunyar iskar da aka rubuta wa minti 30, mai aiki tuƙuru yakan shanye ta cikin 15 zuwa 20, kuma akwai mutum a waje da allo yana rubuta wa ya shiga da ƙarfe nawa. Mai taimako da ya ɗauki dutse ya fasa taga don hayaƙi ya fita, sau da yawa shi ne ya hura wutar a kansu.

Ba kowace wuta ce ma ake kashewa da ruwa ba. Fetur da man girki suna tasowa saman ruwa su bazu, sai kumfa ko hoda. Batiran zamani na waya da babur da mota kuwa suna ƙona kansu daga ciki, suna iya sake tashi bayan awanni, kuma motar lantarki ɗaya tana iya shan ruwan tanki da yawa kafin ta huce.

Yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su kafin wuta ta iso, kuma su ma ma'aikatan bai ƙyale su ba, sai dai nasu a hankali yake zuwa. A Amurka bugun zuciya ne kan gaba wajen kashe su a bakin aiki. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A da baƙin kwalkwali da riga mai warin hayaƙi abin taƙama ne, alamar tsohon hannu. Yanzu tashar da ta san abin da take yi tana wanke ma'aikaci da mesa tun a wurin gobara, a ƙulle kayansa a leda, kuma ba a yarda ya shiga da su ɗakin kwana ko wurin cin abinci ba.